Mai Jidar Duwatsu

"Mahaifarki ta sauko, Inna," in ji ungozomar asibitin mishan, tana wanke hannu. "In kina son ranki, wata ukku kar ki ɗauki komi mai nauyi."

Gyaɗa kai kawai ta yi. Shekara huɗu ke nan tana jidar duwatsu a ka, ita da matan garinsu, suna jera su a gangaren tudu don su tare ruwan sama. Maza suna cin rani a Abijan, furoje kuma, wato shirin agaji na gyaran ƙasar noma, yana biyan aikin da dawa da mai. Fako ya farfaɗo har ya ba da gero, ita kuwa ta yi ɓari biyu a tsakani.

Daga tashar motar garinsu, Tabotaki, ta taka a hankali, dafe da mara, tana shirya yadda za ta faɗa wa mijinta, wanda bai daɗe da dawowa ba.

Ta iske shi tsugune kusa da jakinsu, yana shafa masa magani.

"Maigida, ungozomar asibiti ta ce..."

"Dibi bayan dabbag ga," ya katse ta, da tausayi na gaske a muryarsa. "Duk ya saluɓe. Likitan bisashe ya ce kar a aza mai komi sai ya warke. Ruwan gida kam, sai ki yi haƙuri ki ɗebo da kanki."

Ta daɗe tana kallon yadda hannunsa ke lallaɓar ciwon. Sannan ta naɗa gammo, ta nufi rijiya.