Huji na Huɗu a Bel Ɗina

Ni na fara ganinsa, kafin likita, kafin na'urarsa. Ranar da na ɗauki ƙusa na yi wa bel ɗina huji na huɗu saboda rama, na dafa cikina na ce wa 'yata, "Akwai ɓarawo a nan."

Ta ce, "Baba, rashin ci ne kawai."

A asibiti suka ce kansar ciki ce. Likita, sa'an 'yata, ya zana min a takarda. Wai akwai wasu ƙananan 'yan aike a jiki, maikro-RNA, ido ba ya ganinsu. Wasunsu ke toshe bakin masu tsaron jiki, sai ciwon ya samu hanya ya bazu.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. "Ɗana, shekara arba'in ina gadi. Ɓarawo ba ya haura katanga sai ya fara jefa wa kare nama. Wannan kuka yi shekaru kuna karantawa?"

Ya ce, "Baba, in ciwon ya tsallaka zuwa hanta, aiki ya ɓaci."

"To me kake jira? Yanka, tun karen nawa na da sauran haushi."

Suka cire rabin tumbina. Maƙwabta har sun fara rage murya in za su wuce ƙofata.

Yau shekara shida ke nan, kuma na komo huji na biyu. Mai musu ya zo ya ƙirga da yatsansa. In bai gamsu ba, sai in kwance bel ɗin in ƙirga masa a gadon bayansa.