Kunun Kanwa Daga Zuba

Lubna ta yanka kokwamba, ta jera a faranti, ta ɗauki hotonsa kafin ta ci. Karin kumallon ke nan. Tun da ta yi arba'in ta sa wa ƙibar jego ƙahon zuƙa, don hutun haihuwa ya ƙare, kayan ofis ɗinta kuma kaf sun ƙi shigarta.

Mijinta Badaruddeen mutum ne mai gudun hayaniya. Amma da ya ga girkin gidan ya koma ruwan zafi da lemon tsami, sai ya gindaya sharaɗi ɗaya. Ranar awo a asibiti, in aka ce jaririnsu Hadi ya rame, to an gama rage ƙiba, kuma Iya za ta tattaro kayanta ta dawo gidan da zama. Iya ita ce mahaifiyar Lubna, mai sayar da ayaba a kasuwar Zuba, wadda a wajenta mai jego in ba ta cika ƙofa ba to ba ta da lafiya. Lubna tana son uwarta ƙwarai, amma daga nesa.

Nas ma ta ja mata kunne. Ta ce mai shayarwa tana iya rage maiƙo da zaƙi, amma ba ta zama da yunwa, in ba haka ba nono ya ja baya. Lubna ta gyaɗa kai, ta dawo gida ta ƙara dafaffen ƙwai ɗaya a abincin rana. A ganinta an yi gyara.

Iya ta zo Garki dubiya wata Asabar. Ta ɗaga Hadi ta jinjina shi a hannu, ta dubi farantin 'yarta, ba ta ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidansu. Sai ta ce bari ta gaisa da maƙwabta. Ta daɗe a ɗakin Zulai, telar da ke ƙofa da ƙofa da su, wadda take goyon 'yarta Indo, take kuma riƙe wa Lubna Hadi in ta tafi ofis.

Daga Litinin kular abinci ta fara zuwa daga wajen Iya. Tuwon dawa miyar kuka, farfesun ƙafar saniya, ga filas cike da kunun kanwa. Mato, direban da ke kawo ayaba kasuwar Garki, shi ke sauke ta kowace safiya, kuma kullum ƙofar Zulai yake bugawa. Lubna ta ce mutumin nan kansa ba ya ja. Daga baya ta ga kuskuren nasa gaba ta kai ta, tunda da ma miyar kuka ba ta dame ta ba ko lokacin da take cin abinci.

"Maman Indo, ki ci abinki," in ji ta cikin raɗa. "Kada dai Iya ta ji."

Zulai ta ce to.

Kowace safiya Lubna takan tatsi nono a fida ta bar wa Zulai. Da farko fidar takan cika, sai ta koma rabi, sai ta koma abin da ko kyanwa ba za ta tashi daga barci dominsa ba. Tsoro ya kama ta sosai, har a ofis takan zauna tana kallon kwamfuta tana lissafin ranar awo. Amma Hadi sai kumatu yake yi, cinyoyinsa suna ninkewa. In ta dawo da yamma ta sa shi a nono, yakan ɗan taɓa don kada a ce bai gaisa ba, ya yi gyatsa, ya yi barci.

A guruf ɗin masu rage ƙiba na waya wata ta bayyana mata dalili: nonon mai cin abinci mai tsafta kauri gare shi, kaɗan ya isa. Lubna ta karɓi wannan ilimi hannu bibbiyu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Zulai tana cin tuwo kamar manomi a damina, tana suɗe farfesu, tana ɗaga filas sai ta ga gindinsa, amma ƙashin wuyanta sai ƙara fitowa yake. Ita kuwa da take kwana da ƙugin ciki, da ƙyar siket ɗaya ya yarda ya rufe. Ta yi hassada, ta yi istigfari, ta sake yi.

Ranar awo aka ɗora Hadi a sikeli. Nas ta duba, ta sake dubawa.

"Masha Allah. Madam, duk abin da kike ci, ki ci gaba da ci."

Badaruddeen ya sosa ƙeya, ya ce ya yarda an kayar da shi. Kafin su iso gida Lubna ta tura wa guruf hoton Hadi, an yi ta mata tafi. Sannan ta kira Mato ta ce daga gobe ya huta da ɗaukar kula, wahalar Iya ta isa haka.

Washegari ta kai Hadi da 'yar fidarsa. Zulai tana tsaye bakin ƙofa tana leƙen hanya.

"Maman Hadi, yau Mato shiru."

"Ni na hana shi. Awo ya wanke ni, an gama wasan ɓuya. Ki yi haƙuri, na san kin saba."

Zulai ta karɓi yaron. Tuni ya cusa fuska a ƙirjinta yana jan wuyan rigarta da hannu biyu. Ta gyara masa kwanciya, ta dubi Lubna.

"Ai da ma ba ke Iya take dafa wa ba. Ni take dafa wa, tun ranar da ta roƙe ni in riƙa ba shi nono."