Mai Sa Zobe

Jiya a masallacin unguwar Stains, gaban shaidu, Illiassou ya buɗe baki ya karɓi auren Mutmainna. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Yau kuwa jakarta ma neman gagararsa take.

Ita ta nace su biya ta gidan tarihi na Louvre kafin jirgin ƙasansu na Lyon, ta yi sallama da zanen hoton da ta ƙarar da shekaru tana rubuta tez, kundin digirinta, a kansa: ɗaurin auren wata sarauniya ta zamanin baroque, shekara ɗari huɗu baya.

"Yaya, dubi ɗan karen nan, amana ke nan," in ji ta. "Yaron da ke riƙe da wuta kuma soyayya ce da ba a so ta mutu. Amma dubi fuskar mai sa zoben, kamar ɗan aike."

"Ƙila ɓoyewa yake," in ji Illiassou.

Ta yi dariya, ba ta ko waiwayo ba.

Duk ya san waɗannan. Tun ranar da ya tarbo ta a filin jirgi, baƙuwa daga Damagaram, ya shiga karanta tarihin zane, shi da sana'arsa fataucin atamfa ce, don dai ya samu abin ce mata. Ya yi ta ɗage maganar da ke ransa, yau sai gobe, har dattawa suka shigo ciki.

Telehon ɗinta ta yi ƙara. Ya hangi sunan, ya kau da kai. Ta koma bayan ginshiƙi tana raɗa, fuskarta ta yi wani haske da bai taɓa samu daga gare ta ba.

A jirgi ta yi barci, ta jingina kai da gilashi. Bai gyara mata mayafin da ya zame ba. Ya zuba wa gonaki ido, yana roƙon Allah ya cire masa ita daga zuciya, alhali ya san kowace Sallah a tabarma ɗaya za su ci abinci har tsufa.

A gar ɗin Part-Dieu, tashar Lyon, ta riga shi sauka, har da ɗan gudu. Illiassou ya biyo a hankali, ya miƙa jakar ga mutumin da ta nufa.

"Ga iyalinka, Alasan," ya ce wa ƙanensa, angon da ya wakilta jiya.