Kitson da Inna Ta Tsefe

Ƙanshin man shanu ne kawai ya rage mini daga wannan rana.

Tun ina ƙarama nake da farfaɗiya. Makitsan Dayi ba sa taɓa kaina, wai ana ɗauka, don haka Inna, mahaifiyata, ita ke yi mini kitso. Da aka ce likitoci masu binciken ciwon sun sauka a Malumfashi, kuma duk yaron da suka auna zai samu magani, sai ta zauna ta yarfa mini ƙananan kitso. Ta bi shi da man shanu har yana sheƙi.

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta ɗauko wayoyin da ake mannawa a kai don auna ƙwaƙwalwa. Ta manna, suka zame. Ta sake, suka sake zamewa.

Ta ce, "Haba Mama, wa ya ce ki sa mata mai? Sai an tsefe an wanke."

Muka zauna bakin famfo, Inna tsefe da tsinke, ta wanke da sabulun wanki. Kafin gashin ya bushe la'asar ta yi, sun kwashe kayansu sun tafi.

A hanyar gida ta ce, "Na so su ga ke ma kina da gata."

Ban yi kuka ba, ita ma haka.

Inna ta daɗe da rasuwa. Yanzu in na ji ƙanshin man shanu a kasuwar Funtua, ba baƙin ciki nake ji ba. Kaina ne kawai ke yin sanyi, kamar har yau bai bushe ba.