Kwale-kwalen da Suka Kife a Harlow Gap

Tun da sabuwar dokar ta fito, kwale-kwale suka fara kifewa a Harlow Gap.

Dokar jiha ce, ta ce duk mai bindiga mai cin harsashi da yawa ya kai ta rajista ko ya miƙa ta. Mutanen garin suka ce kundin tsarin mulki ya ba su 'yancin riƙe makami tun kafin a haifi kakan gwamna. Ba su yi zanga-zanga ba. Kowa ya shafe tasa da maiko ya ɓoye, in an tambaye shi ya ce ya fita kamun kifi da ita, kwale-kwale ya kife, ta nutse. Har waɗanda ba su taɓa taka ruwa ba sun yi wannan hatsarin.

Ruwa mai zurfi ɗaya ne a yankin, tsohon ramin fasa dutse da ke bayan gonar Lorene Tackett. Saboda haka kowa ya ce a can tasa ta faɗa. Babu wanda ya nemi izininta.

Jihar ta turo mai bincike, wani siriri mai suna Corwin. Gida gida ya bi, ana ba shi amsa ɗaya ana danne dariya. A gidan abinci suka riƙa kawo masa kofi mai sanyi. Wani ya rataya masa rigar ceto a jikin mota.

Lorene ba ta yi masa dariya ba. A bakin ƙofa ta tsayar da shi. Ya tambayi bindigar gidan, ta ce tana ruwa. Ya tambayi maigidan, ta ce Doyle yana Dakota wajen aikin rijiyar mai tun bara, kuma shi ba mai kiran waya ba ne. Corwin ya leƙa bayanta, ya hango kwale-kwalenta a ɗaure da igiyar shanya a jikin bishiya, babu sarƙa babu anga, ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi. Ya ce aƙalla ita tana da kwale-kwale. Ta rufe ƙofa.

Da ya gaji da zama abin dariya, sai ya aika da saƙo: zai kawo masu nutso su tsefe ramin. In ba a sami komai ba, duk wanda ya ba da labarin zai amsa laifin yi wa hukuma ƙarya.

Aka taru a zauren coci. Tsoho Virgil Hensley, wanda ya fara yaɗa labarin kifewar, ya ce a bar su su shiga, laka tana haɗiye ƙarfe, lauya ma ya san haka. Maza suka gyaɗa kai. Sai Lorene ta miƙe, ita da ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

“Yau ruwana, gobe ƙarƙashin gadonku,” ta ce. “Kun iya cika baki a kan tsarin mulki, ga shi an zo bakin ƙofa kuna neman lauya. Ni dai ƙafar kowa ba za ta taɓa ruwan nan ba.”

Zauren ya ɗauki tafi. Mata suka riƙa raɗa cewa tun tafiyar Doyle ta zama wata daban: ta yi kumari, tana kallon mutum ido cikin ido, ta daina sa riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi don rufe tabon duka.

Ta yi duk abin da za a iya yi. Ta ɗauki lauya, ta kafa alluna a shinge, ta tara maƙwabta su yi gadi. Alƙali ya saurari lauyan, sannan ya sa wa Corwin hannu a takardar izinin bincike.

Ran da Corwin ya zo da masu nutson, ta gitta tarakta a ƙofar gona ta zauna a kai. Shugaban 'yan sandan gundumar, wanda ya rantse a bainar jama'a ba zai taɓa aiwatar da dokar ba, ya cire hula ya ce dokar daban, umarnin alƙali daban.

“Madam Tackett,” in ji Corwin, “in gaskiya kika faɗa, me kike tsoro?”

“Ɗan birni, wa ya ce maka tsoro nake ji? Ƙyamarka nake yi.”

Aka sauko da ita, aka ja taraktar gefe.

Mazan garin, da suka ga ba makawa, suka mai da abin biki. Suka jera kujeru a bakin ruwa, suka buɗe giya. Wani ya ce wa masu nutson in sun ga tasa su gaishe ta. Wani ya ce su kula da kifaye, yanzu duk ɗauke suke da makamai. Masu nutson suka sa kayansu, suka tambayi inda ya fi zurfi. Mutum biyar suka nuna musu gindin dutsen nan na gabas, suna ƙyaƙyatawa.

Lorene tana tsaye ita kaɗai, tana kallon kumfa yana tasowa yana matsawa gabas. Virgil ya zo ya dafa kafaɗarta.

“Haba 'yata, saki ranki. Kin yi abin da mazan garin nan suka kasa. Bari su sha sanyi su fito. Ni da ke mun san babu ko ƙusa a ƙasan nan, dukkanmu ƙarya muka yi.”

Ita dai idonta yana kan ruwan. Kumfan ya tsaya wuri ɗaya, ya daɗe a nan.

A duk Harlow Gap ita kaɗai ce ta faɗa wa Corwin gaskiya game da bindiga: tana can a gindin dutsen, inda ta ɗaure ta da sarƙar anga a ƙirjin gawar Doyle.