Goron da Aka Raba

Motar da ta kwaso su daga Azare ta tsaya bayan Katagum, inda koguna biyu suka haɗu, ɗaya jajir da laka, ɗaya garai-garai. Tsofaffin 'yan ajinsu na jami'a suka watse ɗaukar hoto, amma Lurwanu ya zauna a kan kifaffen kwalekwale a bakin ruwa. Barci ya ƙaurace masa tun ranar da kawunnansa suka kai goro da alawar neman aure gidan su Murja, mahaifinta, Baffa, ya tashi ya fice bai ce uffan ba. Wa zai ba marar aiki 'yarsa?

Murja, wadda ita ma 'yar ajinsu ce, ta tako ta tsaya ɗan nesa, idonta a kan ruwan.

"Malam, kogi ka zo gani ko takalminka?"

"Murja, faɗa mini kawai. Yaushe za a maido mana kayanmu?"

Ta kwance bakin gyalenta, ta miƙo masa ɓarin goro.

"Waɗanne kaya? Goggo ta rabe su kaf, har danginmu na garin Gololo sun samu. Wannan ma da ƙyar na ƙwato maka."

Ya ƙura wa tafin hannunsa ido. Ai goron da aka ƙi ba a raba shi.

"To, Baffa da ya fice fa?"

"Ni ce 'yar fari. Wane Bafulatani ne zai zauna ana zancen auren 'yar farinsa? Ko sunana ba ya kamawa."

Lurwanu ya miƙe zumbur, santsi ya kwashe shi, sai ga shi cikin ruwa har gwiwa, yana dariya. Murja ta rufe baki da gyale.

"Ci goronka, ango, kafin kifi ya riga ka."