Dubu Cif

Liao Pei-shan tana cin abincin rana a kan teburinta a kamfaninsu na birnin Hsinchu, ta buɗe wayarta ta duba zuciyar mahaifinta kamar yadda ta saba. Bugu sittin a minti ɗaya. Lafiya lau.

Ita ta haɗa abin da hannunta a hutun Sabuwar Shekara, bayan likita ya ce zuciyar tsohon tana tsallake bugu. Maɗauri ne a wuyan hannunsa, sai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta fi farce ba a kan durowar falo. Ta rubuta mata umarni: duk bugun da ya iso, ta auna tazararsa da na baya, tana raba daƙiƙa gida dubu, ta aiko Hsinchu.

Tsohon, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran agogo a garinsu Chiayi, ya tsaya a kanta da tabarau yana tambayar ta wace ƙafa, cikin siraran ƙafafun na'urar, bugun yake shiga. Ta nuna masa, ta ɗora wa na'urar koren ƙullin cincin, camfin masu irin aikinta don na'ura ta yi ladabi, ta kama jirgin ƙasa. Tun ranar ba ta koma ba. Me za ta je yi, ga lamba tana gani kullum?

Kang, abokin aikinta mai shegen sa ido, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Kullum sittin, kullum sittin. Wai Baban naki ko bene ba ya hawa? Ni da nake zaune ma tawa ta fi haka rawa."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta buɗe jerin tazarar, abin da ta daɗe ba ta duba ba.

Dubu. Dubu. Dubu. Ta ja shafin ƙasa. Babu ɗari tara da casa'in, babu dubu da goma. Babu giɓin wanka, inda yakan cire maɗaurin. Haka jerin ya tafi, kwana goma sha ɗaya.

Tana 'yar shekara shida ya taɓa kara kunnenta a ƙirjinsa, sannan ya kara shi a jikin agogo. Ya ce ta riƙe wannan: abu mai rai ba ya buga daidai.

Tsoro ya kama ta, ta ture abincin gefe. Duk mai irin aikinsu yakan saka bugun ƙarya a cikin umarni, ɗaya a kowace daƙiƙa, ya gwada ƙirgen, sannan ya cire. Kusan mako biyu da suka wuce ta aika wa na'urar gyara daga nan teburin, a gurguje, tsakanin taro biyu. Ta cire na gwajin? Ta kasa tunawa. Idan ba ta cire ba, ita ta toshe bakin abin da aka sa ya yi ihu.

Ta kira shi sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ta nemi hoton furen barka da safiya da yake turo mata kullum, wanda ta daɗe da daina buɗewa. Na ƙarshe ya kwana goma sha ɗaya.

Ko jaka ba ta ɗauka ba. A cikin jirgin ƙasa mai gudu ta riƙe wayar da hannu biyu, lambar tana ta sabunta kanta, dubu, dubu, ba kunya. Ta yi ta lissafin abin da zafin Chiayi zai yi wa mutum a rufaffen gida cikin kwana goma sha ɗaya, ta kasa dainawa.

Ƙofar ba a kulle take ba. Ta tsaya a bakinta tana tsoron jan numfashi. Da ta ja, ƙamshin naman kaza da shinkafa ne ya tarye ta, kuma wannan ma bai kwantar mata da hankali ba. Takalmansa suna nan a jere. A bango, inda agogon gidan yake tun kafin a haife ta, sai farar da'ira da ƙusa. Amma tana jin tafiyar agogon daga ciki.

"Baba?"

Ta ɗaga labulen falo. Agogon yana kife a kan durowa, an buɗe bayansa, siraran wayoyi biyu sun fito daga cikinsa an liƙe su da dalma, tsaf, a ƙafar na'urar da ta nuna masa da yatsanta. Duk daƙiƙa agogon yana aika mata bugu ɗaya. Maɗaurin yana ajiye a gefe. Tsohon yana zaune gaban kwano biyu, ya zare tabarau ya dube ta.

"Kwana goma sha ɗaya, Pei-shan. Ni kuwa na ce wa hoton uwarki ba za ki wuce kwana uku ba ki zo ba."